Altine ta Bayan Rumbu

Akwai wani manomin shinkafa a Talata Mafara mai suna Labbo. Ku da kuka cika min shafi da cewa ban iya komai ba sai ba'a, har wata ta ce kyan hula kawai gare ni (ban dai musa kyan hular ba), yau ku nemi abin share ido.

Labbo yana noma da ruwan dam ɗin Bakolori, kuma mutum ne mai ji da kansa. Matarsa Maimunatu marainiya ce, gwaggonta Marka ta rene ta a Bakura. Mace ce mai sanyin hali, suna da jaririya, Taiba.

Abu ɗaya ne ya hana gidan kwanciyar hankali. Duk lokacin da shinkafa ta nuna, manoma suka fara harba bindiga don korar tsuntsaye, sai Maimunatu ta saki abin da ke hannunta ta ruga bayan rumbu ta maƙale. Muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya. In Labbo ya kira ta sai ta ce, "Ni Altine ce. Baba ya ce kar in fito." In abin ya sake ta kuwa, ba ta tuna komai.

Unguwa ta yanke hukunci: iskokin dam ne, kuma sunan aljanar Altine.

Liman ya zo ya yi mata addu'a, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ja Labbo gefe. "Addu'a ba mu dainawa. Amma wanga ciwo ka kai shi ga likitocin ƙwaƙwalwa, can wajen Sakkwato."

"Allah gafarta Malam, asibitin mahaukata? Matar Labbo? Ina zan sa kaina ran kasuwa?"

Sai ya nemo wani mai magani. Aka rufe ta a ɗaki da hayaƙin barkono, aka sa tsumagiya, ana daka tsawa, "Altine, ki fita!" Ita kuwa muryar yarinyar sai kuka take, tana cewa, "Na yi shiru, wallahi na yi shiru." Labbo da kansa yake riƙe ƙafafunta. A wani ƙaramin asibiti kuma aka ce farfaɗiya ce, aka ba ta ƙwayoyin da suka sa ta yini tana barci. Bindiga na tashi, Altine na dawowa.

Wata rana da hantsi Labbo ya dawo ɗaukar lauje, ya tarar da ita bayan rumbu. Ta rungume Taiba, ta danne mata baki da tafin hannu tana raɗa, "Yi shiru, kar su ji mu." Da ƙyar ya ɓamɓare hannun. Jaririyar ta daɗe kafin ta ja numfashi.

Yayansa Mamuda bai tsaya kwana-kwana ba. "Ka sake ta, ka kawo ɗiyar gidana. Ko sai ta kashe ta za ka farka?"

Maimunatu ta ji. Ta durƙusa tana duban hannunta. "Malam, mi na yi? Don Allah kar a raba ni da ɗiyata."

A ranar girman kan Labbo ya karye. Ya biya Bakura ya ɗauki Marka, suka shiga mota da Maimunatu, sai asibitin da Liman ya ce.

Likitar mace ce, kuma ba ta yi gaggawa ba. Ta sa aka yi gwaje-gwaje, ta tabbatar ba farfaɗiya ba ce. Sun yi ta zuwa suna komawa. Wata rana ta juya ga tsohuwar ta ce, "Gwaggo, wace ce Altine?"

Marka ta rufe fuska da mayafi, sannan ta ce:

"Ubanta kaɗai ke kiran ta haka. Sunan uwarsa anka sa mata, ba ya iya faɗi, sai ya kira ta da ranar haihuwarta. Shekarar da manoma sunka tashi kan gonakin da dam ya cinye, can wajen Maradun, ran da anka yi harbi, ya ɓoye ta bayan rumbu ya ce kar ta fito sai ya kira ta. Tana kallo ya faɗi. Ni na ɗauko ta, na hana kowa ya sake ambaton sunan. Cewa na yi za ta manta."

Likita ta dubi Labbo. "Ba iska ba ce. In firgici ya fi ƙarfin yaro, hankalinsa yakan ware wani sashe ya ajiye abin a can, don sauran ya rayu. Ciwo ne sananne, kuma ana kula da shi, amma da zama da ƙwararre na tsawon lokaci. Wadda kuke ta kora matarka ce tana ƙarama. Har yau jira take a kira ta."

Labbo ya tuna hayaƙin barkono. Ya kasa ɗaga kai.

Bai sake ta ba. Marka ta tare gidan tana taya renon Taiba, shi kuma bai taɓa fashin kai ta asibiti ba, kowa na gani.

Da shinkafa ta sake nuna, bindiga ta tashi, Maimunatu ta ruga. Labbo ya bi ta a hankali kamar yadda aka koya masa, ya zauna a ƙasa.

"Altine. An daina harbi. Tsuntsaye ake kora. Fito."

Ta leƙo. "Baba ne ya aiko ka?"

Hawaye ya zubo masa. "Baba ya rasu, Altine. Amma kin yi abin da ya ce. Ba mai sake dukan ki."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙo hannu.

Darasi: Ba kowace baƙuwar murya ce aljani ba, wata ciwo ce da aka binne tun yarinta. Ku yi addu'a, ku kuma kai mara lafiya ga ƙwararren likita ya gano ainihin abin, kafin kunyar mutane ta sa ku cutar da wanda kuke so. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai mai jira a bayan rumbun gidansu. Wadda ta zagi hulata ma ta tura, na yafe.