Giyar da Tsoho Genzo Ya Nema a Kofin Shayi

Akwai wani mutum a Tokyo mai suna Shigeru Natori, mai gidan abinci irin wanda sai ka sha jira kafin ka samu kujera. Mutumin kirki ne daidai gwargwado, sai dai yana da ciwo guda: ba ya son a tuna masa cewa ubansa ɗan manoman inabi ne daga ƙauyen Katsunuma.

Uban nasa, tsoho Genzo, ya kusa cika shekara tamanin da takwas, shekarun da ake yi wa biki na musamman a ƙasarsu, sai ya kwanta. Likita bai gano wani ciwo ba. Tsohon dai ya daina cin abinci, magana ma ta ɗauke. Likitan ya ce in aka ci gaba a haka, ba zai ga ranar bikin ba.

Wata safiya Yoshie, matar Shigeru, tana gyara wa surukinta matashi, sai ta ji ya ce a hankali, "Giyar garinmu... ta kofin shayi."

Da ta gaya wa mijinta, sai ya yi dariya. "Kofin shayi? Kai, Baba ke nan! Ni da nake shayar da manyan ƙasa, ubana ne zai sha giya kamar ɗan ƙwadago? Bari in je in samo masa wadda ta amsa sunanta."

Ya kama hanyar Katsunuma zuwa gidan su Hihara, iyalin da suke matse inabi tun kaka da kakanni. Lokacin girbi ne. Rumfunan inabi sun rufe gangaren dutsen, kowane gungun 'ya'ya da 'yar hularsa ta takarda don kare shi daga ruwan sama, kuma duk da hannu aka ɗora su.

Iya Tomie, uwar gidan, tsohuwa ce da bayanta ya rankwafa amma bakinta yana nan daram. Ita ta shiga da shi kogon da kakan mijinta ya haƙa a cikin dutse. Shigeru ya shiga yana zuba bayani, amma da sanyin wurin ya doke shi, ya ga kwalabe jere har inda hasken fitila ya ƙare, wasu sun girme shi, sai ya tsinci kansa yana magana ƙasa-ƙasa.

Ta zuba masa giya ta farko, fara tas, mai ƙamshin ɓawon lemo. Ta biyu ta daɗe a gangar katako, tana da nauyi a harshe. Ta ukun kuwa, da ya kurɓa sai ya rufe ido ya kasa haɗiyewa. Shi da ya ɗanɗani giyar ƙasashe iri-iri bai taɓa zaton ƙasar da yake gudu tana fitar da irin wannan ba. Gaskiya abin ya girgiza shi.

"Wa za ka kai wa, ɗana?" in ji Iya.

"Mahaifina. Ba shi da lafiya."

"Ayya. Shi wacce ya ce yana so?"

Shigeru ya kau da kai. "Ki ba ni wannan ta ukun. Ita ta fi."

"Ai ban tambaye ka wadda ta fi ba."

Ya yi kamar bai ji ba. A bakin ƙofa ya ga wata ƙatuwar kwalba kusa da tukunyar shinkafa, masu girbi suna tsiyaya a kofunan shayi. Iya ta ce ya ɗanɗana wannan ma. Ya ce, "Haba Iya, wannan ai ta wanke maƙogwaro ce." Tsohuwar ta yi dariya ta ƙyale shi.

A gida ya zuba giyar a dogon kofin gilashi, ya kai wa uban bakinsa. Genzo ya shinshina, ya dubi kofin, ya juya fuska ga bango.

Yoshie ta ja mijinta gefe. "Maigida, wannan kai ka saya wa kanka. Mutum ya buɗe baki da ƙyar ya faɗi abu ɗaya tak, ka je ka gyara masa zance."

Maganar ta soke shi, don ya san gaskiya ce. So duk so ne, amma son kai ya fi.

Washegari ya koma Katsunuma. Ya tarar da Iya tana tsince inabi a tsakar gida, ya rusuna har gashinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"A'a, yallabai mai tsadar harshe ne ya dawo? Maƙogwaron ne ya bushe?"

"Iya, ki yafe mini. Ta kofin shayi ya ce. Ni ne na ji kunya."

Ta daina zolaya, ta sa ya zauna. Ta ce masa a zamanin ƙuruciyar ubansa, kowane manomi yakan kawo inabin da bai samu shiga kasuwa ba, a matse tare, a raba. Ita ake sha ranar aure, ita ake sha ranar makoki, ita ake sha da yamma idan baya ya gaji. "Har yau yadda suke yi muke yin ta, don mu ma ita muke sha. Waccan ta kogon ta baƙi ce."

Ta ƙulle masa ƙatuwar kwalbar a ƙyalle, ta haɗa da wani tsohon kofi mai kaurin baki. "Ka cika shi fal. Kada ka yi masa ɗan ɗigon nan naku na birni."

Shigeru ya durƙusa a gefen shimfiɗar ubansa, ya tsiyaya har ta kusa zuba. Tsohon da ya yi kwanaki bai ɗaga hannu ba ya miƙo hannu biyu ya riƙe kofin. Ya kurɓa. Sai ga hawaye. Ya fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, na yayyensa da maƙwabta, mutanen da Shigeru bai taɓa tambayar labarinsu ba. Yoshie ta toshe baki da hannu.

Can sai Genzo ya ce, "Yoshie, akwai kabewa a gidan nan? Wannan ba a shan ta da yunwa. Ki yi mini taliyarmu mai faɗi da ita."

Ta fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Tsohon ya dubi ɗansa mai furfura, ya tura masa kofin.

"Kai ma zuba ka sha, yaro. Ta gidanku ce."

Shigeru ya sha yana kuka. A ranar Genzo ya cinye kwanonsa, kuma da ranar bikin ta zo, da ƙafarsa ya shiga ɗakin da aka yi masa shi.

Darasi: Idan wanda kake ƙauna ya faɗi abin da yake so, ka saurare shi, kada ka ba shi abin da zai ɗaga sunanka kai. Kuma kada ka ji kunyar inda iyayenka suka fito, don wata rana a can maganin yake. Ku tura wa duk wanda tsohonsa ke raye, ya je ya tambaye shi me yake marmari tun yana iya faɗa.