Kyandirorin da Furera ta hure

Akwai wata mata 'yar Kano mai suna Furera da ke zaune a garin Germantown, can ƙasar waje, da mijinta Auwalu. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. A shekarar da nake ba ku labari, tana kula da wata tsohuwa Bayahudiya, Mama Olive, wadda mijinta Saul ya rasu bayan shekara hamsin da biyu suna tare.

Hannun Mama Olive yana rawa sosai. Saboda haka 'yarta Tracy ta hana ta taɓa ashana, kuma ta faɗa wa Furera cewa in aka samu wani haɗari, gidan tsofaffi za ta kai uwar.

Wata yamma cikin Disamba, rana ta faɗi, Furera ta fito daga kicin ta hangi kyandir biyu suna ci a bakin taga, daf da labule. Suna kan wani maɗori na tagulla mai rassa tara. Ba ta tsaya tambaya ba, ta ruga ta hure su.

Mama Olive ba ta yi faɗa ba. Ta dubi hayaƙin, ta juya keken guragunta ta shige ɗaki. Ranar ko abinci ba ta ci ba.

A gida Furera ta ba Auwalu labari, tana jiran yabo.

"Ke dai ba kya ganin wuta ki ƙyale," in ji shi yana dariya. "Ko turaren wuta na kunna sai kin bi ni da kofin ruwa. Kin tambaye ta na mene ne?"

Gaskiyarsa ce. Ba ta tambaya ba.

Washegari ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce, "Mama, ki yafe mini. Me na kashe jiya?"

Mama Olive ta yi mata bayani. Bikinsu ne na Hanuka, kwana takwas. Daren farko kyandir ɗaya ake kunnawa, kullum a ƙara ɗaya. Na tsakiya, wanda ya fi tsawo, da shi ake kunna sauran. Kuma ba a hure su, ana barinsu su ƙare da kansu.

"Saul ne yake kunnawa," ta ce. "Ni kuma in zauna kusa da shi rabin awa, ba wanke-wanke, ba komai. Haka matan gidanmu suke yi. Duk shekara a wannan rabin awar ne kawai yake rufe bakinsa ya saurare ni. Jiya ne karo na farko da na kunna ni kaɗai."

Furera ta ji kunya har cikin ranta. Ta fita baranda ta kira Tracy.

"A'a," in ji Tracy. "Kin ga yadda hannunta yake."

"Na gani. Zan cire labulen, in sa babban faranti a ƙasa, in tsaya har su mutu."

"Ƙarfe biyar kike tashi, Furera. Lokacin ake kunnawa."

"Zan tsaya."

"In wani abu ya faru, kin san abin da zan yi."

"Na sani," in ji Furera.

Da magariba ta yi, Furera ta jera kyandir biyu da na tsakiyan. Mama Olive ta ɗauki na tsakiya, hannun yana karkarwa, kakin yana ɗiga. Ta ce, "Ke Musulma ce. Wannan ba zai dame ki ba?"

"Addu'ar taki ce, Mama, ni ina da tawa. Amma hannun nan aikina ne."

Ta tallafe mata wuyan hannu. Tsohuwar ta yi addu'arta, ta kunna sabon kyandir tukuna, sannan na jiya.

Furera ta yi sallarta a gefen falo inda take iya hango tagar. Da ta sallame ta miƙe za ta kwashe kwanuka.

"Zauna, yarinyar nan! Kwanukan ba su da ƙafa."

Ta zauna. Haka suka yi ta yi kullum. Furera tana shiga cunkoson motoci a makare, ta isa gida a gajiye. Amma a wannan zaman ta ji yadda Saul ya nemi auren Olive a tashar bas, ruwan sama yana dukansa, ya manta rabin abin da ya shirya faɗa. Ita ma har ta ba da labarin Auwalu, abin da ba ta taɓa yi a wurin aiki ba.

A dare na takwas Tracy ta zo ba sanarwa, da takardun gidan tsofaffi a jakarta. Ta tsaya a ƙofa tana kallon uwarta ta kunna na farko, na biyu, na uku. A na huɗu Furera ta matsa gefe ta ce, "Zo ki riƙe. Ba a matsewa, tallafewa ake yi."

Tracy ta ajiye jakar ta karɓi hannun uwarta. Suka ƙarasa takwas ɗin tare, tagar ta cika da haske.

"Hannunki ya fi nawa rawa," in ji Mama Olive.

Tracy ta yi dariya tana share ido. Ta juyo ta ce, "Furera, baɗi war haka kina nan?"

"In Allah ya kai mu."

"To, Mama ma tana nan gidanta," in ji Tracy.

Darasi: Kafin ka kashe abin da wani ya kunna, tambaye shi me yake nufi a wurinsa. Kana iya riƙe addininka da kyau, kuma ka tallafi hannun wanda ba naka yake bi ba. Ku tura wa duk mai kula da tsoho, a gida ko a wurin aiki.