Rigar Fatar da Hajiya Bebi Ta Goge

Akwai wata mata a garin Greensboro na ƙasar Amurka, Hajiya Bebi, wadda a cikin shekara guda ta rasa mijinta, ta rasa dala dubu takwas, ta samu hoto ƙwaya ɗaya. Ku biyo ni ku ji.

'Yar kasuwa ce tun daga Kantin Kwari. Boko bai ratsa ta ba, Turancinta na lambobi ne kawai, amma duk gidajen hayar da ke bayan titin Wendover Avenue an san ba a cin ta a ciniki. Turaren wuta da atamfa take sayarwa a falonta. In ta yanka kuɗi, ko ƙanwarta ce ba ta rage sisi.

Mijinta, Malam Iliyasu, jinyar tsofaffi ne aikinsa. Shekara tara ya yi yana kula da wani tsohon Bature a unguwar Irving Park, wanda ya tuƙa jirgin sama a yaƙin duniya na biyu. Da tsohon ya ji tafiya ta matso, sai ya ba Iliyasu rigar fatar da ya yi yaƙin da ita. Iliyasu bai rabu da ita ba duk lokacin sanyi, har shi ma Allah Ya karɓi abinsa.

Da ta fita takaba, ta rarraba kayansa sadaka. Rigar ce ta rage, don ta tsufa, ta yi zaton ba mai so. Fatar ta tsattsage, a baya kuma an zana jirgi da fenti, da wani rubutu a ƙarƙashinsa wanda ba ta taɓa tambayar abin da ya ce ba.

Maƙwabciyarta Fassouma, mutuniyar Damagaram, ta gani ta riƙe haɓa.

"Hajiya, ke da dukiya a ɗaki kina kukan haya? Duba nan."

Ta nuna mata a waya. 'Yan fim da mawaƙa, kowa da irin rigar.

"Nasu duk kwaikwayo ne. Taki ce ta shiga jirgin."

Fassouma ta ɗauki hoto ta sa a intanet. Kwana biyu sai ga wani Bature mai suna Nathan a bakin ƙofa. Ya juya rigar, ya daɗe yana kallon bayanta. Fassouma ce tafinta.

"Ya ce ta kakansa ce. Wai mahaifiyarsa tunaninta ya soma tafiya, ba ta gane kowa, amma kullum sai ta tambayi jirgin babanta. Zai ba da dubu biyar."

Hajiya ta taɓe baki. "Ce masa albarka. Duk mai son sauƙi sai ya haifo kaka. Na saba jin irinta a Kwari."

Ya ce dubu shida. Ta ce albarka. Ya kai dubu takwas, ya ce iyakar ƙarfinsa ke nan. Ta ninke rigar ta ce ya dawo ranar Asabar da dubu sha biyu.

Bayan ya fita Fassouma ta ce, "Hajiya, idon yaron nan ba na ɗan kasuwa ba ne."

"Ke dai ba ki san kasuwa ba. Mutumin da ya taya tsumma dubu takwas, nawa zai taya in ya ga an gyara shi?"

Haka ta koya tun tana yarinya: kaya ba ya shiga kasuwa da datti. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta samo soso da maganin goge farce, ta duƙa a kan fentin. Jirgin ya fita. Rubutun ya fi taurin kai, sai da ta haɗa da bakin cokali. Ta bi da man kaɗanya, ta rufe da man takalmi. Rigar ta fito tana sheƙi, har ita kanta ta yaba wa hannunta.

Ranar Asabar Nathan ya dawo, riƙe da hannun wata tsohuwa mai farin gashi. Hajiya ta ɗaga rigar sama, tana jiran yabo.

Nathan ya nemi kujera ya zauna.

Tsohuwar ta karɓi rigar ta juya bayanta. Ta sa yatsa tana bin wurin a hankali, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ta sake dawowa. Sannan ta ɗago ta yi magana da murya irin ta ƙaramar yarinya.

"Me ta ce?" in ji Hajiya.

Fassouma ta sunkuyar da kai. "Ta ce ina sunanta. Nadia. Tana jaririya uban ya rubuta shi a nan, ya tafi da shi yaƙi."

Hajiya ta dubi hannayenta. Har yanzu akwai jan fenti a ƙarƙashin farcenta. Ta tuna hular Iliyasu da ta ɓoye a ƙasan akwati ta hana a wanke, don kada ƙamshinsa ya fita.

Nathan ya ciro ambulan, ya zaro wani hoto.

"Ya ce ya kawo ne don ki yarda ba ƙarya ya yi ba," in ji Fassouma.

Tsohon ne a keken guragu, a bakin wani jirgi na da. Iliyasu na tsaye a bayansa cikin rigar, ya washe baki yana dariya har wushiryarsa ta fito. Iliyasu da ba ya son kamara. Duk gidan ba ta da hotonsa sai na fasfo, wanda ya ɗaure fuska kamar an yi masa laifi.

Tsohuwar kuwa ta rungume rigar a ƙirji ta ƙi saki. Nathan ya dube ta, ya dubi Hajiya.

"Ya ce yanzu ba ta wuce ɗari biyu ba a kasuwa. Amma tunda ta riƙe, ki faɗi kuɗinki."

Shekara arba'in Hajiya Bebi na ciniki, ba a taɓa ce mata ta faɗi kuɗi ta yi shiru ba sai ranar. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Gaya masa na sallama," ta ce. "Kuɗinta wannan hoton. Kuma ya ce wa uwarsa ta yafe mini."

Darasi: Ba duk wanda ya zo ƙofarka da labarin baƙin ciki ne mai neman ragi ba. Kafin ka goge abin da ba ka iya karantawa ba, ka sauke girman kai ka tambaya, don wani abin in ya fita ba kuɗin da zai dawo da shi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman mu da muke ganin mun gama sanin kasuwa.