Sirrin da Lukuman ya faɗa wa wayarsa

Akwai wani tela a Gwandu mai suna Lukuman. Shekararsa biyar da auren Rahmatu, 'yar Kalgo, Allah bai ba su haihuwa ba. Kun san halin mutanenmu, ba wanda ya kalli Lukuman, duk ido ya koma kan matar.

Mahaifiyarsa, Inna Indo, kullum tana tafe da galan na jiƙon saiwoyi. Rahmatu ta karɓa hannu biyu, ta runtse ido ta shanye. Wani lokaci har amai take yi a bayan ɗaki.

Alhali Lukuman yana da abin da yake ɓoyewa. Yana saurayi ya yi ciwon hangum, har kumburin ya sauka gabansa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke wayarsa, wadda ake yi wa tambaya ta ba da amsa. In shago ya yi shiru bayan azahar, sai ya ture keken ɗinki ya yi ta zuba mata damuwarsa.

Ita kuwa amsarta ɗaya: hakan yana iya taɓa haihuwar namiji, amma gwaji kaɗai zai tabbatar. Ya je asibiti, kuma ya yi magana da matarsa.

Ina! Sai ya kife wayar. A gida ma hira ta mutu, daga "sannu da zuwa" sai "ga abinci". Wallahi abin tausayi, mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa da kaɗaicinsa.

Wata Laraba Inna Indo ta ce a kai Rahmatu Kalgo wurin iyayenta, ta zauna a yi mata magani. Kowa ya san irin wannan tafiya, ba kullum ake dawowa ba.

"Malam, ba ka da abin da za ka ce mini?" Rahmatu ta tambaye shi a bakin mota.

"Allah Ya kiyaye hanya," in ji shi.

Bayan kwana uku, gida ya yi masa faɗi. Ya buɗe manhajar, yana duba tsofaffin hirarraki, sai ya ga wata tambaya da ba shi ya rubuta ba. Tun bara ce, lokacin da wayar Rahmatu ta lalace tana aron tasa.

"Na ga abin da mijina ya rubuta miki. Yaya zan nuna masa ina tare da shi, ba tare da ya ji kunya ba?"

Ya sake karantawa. Ashe shekara guda ke nan da Rahmatu ta sani! Tana shan ɗaci da gorin dangi don ta rufa masa asiri, tana jiran ya buɗe baki da kansa.

Ya iske Inna tana ɗaure wasu saiwoyin da za ta aika Kalgo.

"Inna, a bar su. Ni ne ya kamata a gwada."

"Mi kake cewa, Lukuman?"

Ya maimaita, kansa a ƙasa, sannan ya hau babur.

A Kalgo Rahmatu ta fito zaure, ta rame. Ya ce, "Na yi hangum ina saurayi. Gobe za ni asibiti. Za ki raka ni?"

Ta share hawaye da bakin hijabinta. "Malam, tun bara nake jiran ka tambaye ni."

Darasi: Waya tana iya nuna maka hanyar asibiti, amma ba za ta raka ka ba. Rashin haihuwa ba na mace kaɗai ba ne, kada kunyarka ta sa wata ta ɗauki laifin da ba nata ba. Ku tura wa ma'aurata, wataƙila wani gidan yana cikin irin wannan shirun.