Tsohuwar Kwamfuta a Bayan Ƙofa

Akwai wani mutum mai suna Dogara, tsohon malamin makaranta, a wani ƙauye da ke bayan dutse inda waya ba ta samun sabis. Ya kafa farantin kama intanet a kan rufin gidansa, ya jawo layin intanet guda ɗaya tak, ya haɗa shi da wata tsohuwar kwamfuta da ya ajiye a bayan ƙofa. Ya kuma jera sababbin kwamfutoci huɗu a kan tebur, ya haɗa su da ita. A cikin tsohuwar ya sa wata manhaja: duk abin da sababbin suka nema, ita ce take karɓa, ta fita da shi, ta komo wa kowace da amsarta. Ba mai zama a gabanta. Ko allon kallo ba ta da shi.

Ana nan sai 'yarsa Keziya ta haihu a Fatakwal. Ta aiko cewa ranar Asabar da ƙarfe huɗu za ta nuna wa iyayenta jaririn ta bidiyo, domin da biyar mijinta zai tafi aiki a teku na wata uku, shi ne kuwa mai babbar waya.

Rahila, matar Dogara, ba ta taɓa yin jika ba. Ta dafa shinkafa, ta gayyaci matan zumuntar coci, ɗaki ya cika har zufa ta fara keto wa baƙi. Ta ɗauko fanka, ta rasa inda za ta jona ta da wuta. Da ta ga tsohuwar a bayan ƙofa, ta ce a ranta, "Wannan ai zaman banza take yi." Ta zare wayar wutar tsohuwar, ta jona fanka.

Huɗu ta yi. Sababbin nan huɗu suna haske, amma ba wadda ta kai ko'ina. Wata daga cikin matan ta ce a kashe a kunna. Wata ta hura wa kwamfutar da ke gabanta iska. Huɗu da rabi ta wuce, Rahila ta fara share ido da bakin zane.

Sai ga Dogara ya dawo daga gona. Bai ko dubi tebur ba, ya leƙa bayan ƙofa.

"Maman Keziya, wa ya kashe mini tsohuwa?"

"Ni ce, Malam. Ai ba mai amfani da ita."

"To, ku sha iska. Jika kuwa sai bayan wata uku."

"Wayyo! A cire fankar nan!" in ji Rahila. Da hannunta ta mai da wayar.

Tsohuwar ta yi ƙara, ta farka a hankali kamar yadda ta saba. Biyar saura kwata, sai ga fuskar jariri a kan kwamfutocin duka huɗu, yana hamma. Mata suka ɗauki guɗa. Wata ta ce, "Hancin Malam ne sak!" Rahila tana dariya tana hawaye, zufa na zuba, ba ta ƙara tuna fanka ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: sababbin kwamfutocin nan mu ne, tsohuwar kuma tana nuna mana Ubangiji Yesu, matsakancinmu. Kowannenmu yana da kyansa da baiwarsa, amma ba wanda yake da layin kansa zuwa wurin Uba. Ta wurin Yesu roƙonmu yake fita, ta wurinsa amsa take komowa, kuma ba ya ba wani amsar wani. Da yake ba ma ganinsa da ido, sai mu cire shi mu sa abin da zai ba mu ɗan sanyi na yau. Rahila ba muguwa ba ce, baƙinta take so ta kyautata wa. Yawancinmu ma haka muke cire shi, cikin hidima.

Yara, in kun ga addu'arku ba ta kai ko'ina, kada ku tsaya kuna hura wa tebur iska. Ku leƙa bayan ƙofa.