Gadon Mesa Mai Tsawon Naɗi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

To, ku matso kusa. Wai Mesa ce ta yi arziki a bakin wani rafi, rumbunan gyaɗa har ba ta san iyakarsu ba. Ran nan maƙwabcinta Kada ya biyo, ya tarar da ita a naɗe tana barci. Ya ce, "Hajiya, duk dukiyar nan, amma kwanciya sai ka ce gammo? Manya a miƙe suke kwana."

Maganar ta soki Mesa. Ta sa aka yi shela tana neman kafinta da zai yi mata gado daidai tsawonta, da falanki guda ɗaya tak, babu haɗi, don a cewarta haɗi na talaka ne.

Kafintoci suka zo, suka dube ta daga kai zuwa wutsiya, kowa ya ce ana kiransa a gida. Sai ga Kurege, wanda ko ƙusa bai taɓa bugawa ba, ya saƙala fensir a kunne.

"Ranki ya daɗe, ai wannan ƙaramin aiki ne. Rumbun gyaɗa biyu. Ɗaya kafin alƙalami, ɗaya in na gama."

Mesa ta ce, "Na yarda. Amma in ka kawo mini haɗi, ko ka zo hannu wofi, kai ne za ka auna tsawona ta ciki."

Kurege ya ce ba komai. Ya auna ta da igiya, igiya ta ƙare, ya ƙulla wata. Ya kwashe rumbu ya kai raminsa. Ya ce bari ya ɗanɗana. Ya ɗanɗana, ya ɗanɗana, ya ɗanɗana, sai da ƙasan rumbu ya bayyana, saura mudu ɗaya. Sannan ya tuna da gado.

Ya tafi kasuwar 'yan katako wurin Gara, wadda ita ce babbar dillaliyar katako, tana sayarwa tana taɓa baki da haja. Ya warware igiyarsa, ta wuce rumfar Gara, ta wuce ta mai ƙusa, har ta shiga wurin mai shayi.

Gara ta yi dariya. "Malam Kurege, gada za ka yi ko gado? Irin wannan ba ya zuwa kasuwa. Ko ya zo da tsawo, kafin safe na rage masa. Ka sayi falanki uku, ka ɗora bakin wannan a kan wancan, ka ɗaure da ƙusa."

"An hana haɗi."

"To a sare maka giginya a tsaga azara."

"Wa zai ɗauko?"

"Giwa, in ka biya ta."

Kurege ya dubi mudunsa, mudu ya dube shi. Ya ce, "Me wannan zai saya?"

Gara ta jawo masa filawud guda, faffaɗan allon nan da ake manna katako falle a kan falle. Tsawonsa ko wuyan Mesa bai kai ba. Kurege ya ɗauka ya ɓoye a bayan ramin.

Mesa ta aiko, ina gado? Kurege ya ce, "Katako yana hanya."

Ta sake aikowa. "Yana hanya. Tsawonsa ne ya hana mota shan kwana."

Ta sake aikowa. "Yana hanya. Kansa ya iso gari, gindinsa ne bai baro kurmi ba."

Ran nan Mesa ba ta aiko ba, ta zo da kanta, Kada na biye don kallo. Kafin Kurege ya faɗa rami ta yi masa zobe, ta matse. Idanunsa suka firfito.

"Ina katakona, kafinta?"

"Ya iso, Hajiya! Sassauta in nuna miki!"

Ta sassauta kaɗan. Ya jawo filawud ya shimfiɗa. Mesa ta dubi allo, ta dubi Kurege, ta fara buɗe baki.

Kurege ya ce, "Tsaya, uwar ɗakina! Dubi gefensa. Kin ga falle-fallen nan? Ai tsawon ne. Da ya ƙi shan kwana, sai masu injin suka naɗe shi a ciki, ninki a kan ninki, ba a yanka ba, ba a haɗa ba. Yayin manyan birni ke nan yanzu."

"To yaya zan miƙe a kai?"

"Yadda aka naɗe tsawon, haka za ki bi shi. Ki sa wutsiya a tsakiya, ki yi ta zagayawa. A ido kina naɗe, amma a lissafin kafintoci kina miƙe sambal."

Mesa ta hau. Ta zagaya, ta zagaya, ta zagaya, ta ɗora kai a kan jiki, daidai yadda take kwana tun ranar da aka ƙyanƙyashe ta. Ta ce, "Kada, yaya ka gani?"

Kada ya ga gammo ƙuru-ƙuru, amma ya ji an ce yayin birni ne, kada a ce shi baƙauye ne. Ya ce, "Tubarkalla! Wannan miƙewa har ta yi yawa."

Da Kurege yana da hankali, da nan ya kama gabansa da ransa. Amma kwaɗayi ya taɓo shi. Ya gyara fensir ya ce, "Hajiya, saura cikon rumbuna."

Mesa ta daɗe tana dubansa da ido ɗaya. Sannan ta miƙa wutsiya, ta laluɓo gyaɗa ƙwaya ɗaya da ɓawonta, ta ajiye a gabansa.

"Ga shi nan."

"Hajiya, rumbu muka yi."

"Rumbun ne. Ya ƙi shiga ƙofar raminka, sai na sa aka naɗe maka shi a ciki. Ko kana so ka shigo ka ga inda ake naɗewar?" Ta wage baki.

Kurege ya leƙa, ya ga duhu ba iyaka. Ya ɗora gyaɗar a ka, yana nishi, yana cewa, "Kai, Hajiya, nauyi! Allah Ya ƙara arziki!"

Ƙurunƙus kan kurege da fensirinsa. In za ku sayar da tsawo a naɗe, ku karɓi ladanku a warware tukuna.