Wa Zai Riƙe Laraba?

Ku gyara zama, jama'a. Wannan da zan ba ku, nawa faɗa ne kawai, shari'arta a hannunku take.

A wani gari da ake kira Kwarin Ɗinya an yi wani dattijo mai wasa da biri, sunansa Nomau. Matarsa ta daɗe da rasuwa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne 'yar gangarsa da wata birinya, irin ƙananan nan masu baƙar fuska da ake kira kirka. A gindin dutsen bayan gari ya tsince ta tana jaririya, manne da gawar uwarta. Ranar Laraba ce, sai ya sa mata Laraba. Shekara goma sha huɗu suna tare. Ran kasuwa yakan ɗaura mata ɗan zane ya kaɗa, ita kuwa ta yi ta rangwaɗa, in an miƙo gyaɗa ta karɓa da hannu biyu.

Wata shekara masu duba lafiyar dabbobi suka zo garin, suka ɗebi jinin Laraba. Gwajinsu ya nuna alamar wata ƙwayar cuta mai kama da ta ƙanjamau. Sun ce sai an ƙara bincike, amma wanda ya tsinci zancen a bakin ƙofa bai tsaya jin ƙarshensa ba. A daminar nan kuwa wani magidanci ya rasu da wannan ciwo, sai aka tuna Laraba ta taɓa yakushinsa a hannu shekara uku baya. Shi ke nan, gari ya ɗauka. An gwada jinin Nomau ba a sami komai ba, amma ba wanda ya damu da wannan.

Mai gari ya kira shi ya ce, "Baba Nomau, ka san ba na ƙin ka, amma jama'a sun tashi. Na ba ka zuwa a gama girbin dawa. Ran kasuwar da ta biyo baya, ko a kawo hujja, ko a kashe ta."

Nomau ya ɗauki tabarma da tukunya ya koma bukkar gonarsa, Laraba a kafaɗa. Masu zuwa gona suka sake hanya. In ya shiga masallaci sai a bar gurbin mutum guda a damansa, guda a hagunsa, har ya daina zuwa. Ba wanzamin da ya yarda ya ɗora masa aska, sumarsa ta taru fara fat ta rufe kunnuwa. Da hantsi yakan zauna ƙofar bukka yana ba Laraba labarin garuruwan da suka zaga, ita kuwa tana kan kafaɗarsa tana tsefe masa suma da 'yan yatsunta, kamar yadda birai ke yi wa nasu. Wata biyar ba hannun da ya taɓa shi sai nata.

Amma akwai mutum uku da ba su manta da shi ba.

Ta farko Hansatu ce, 'yar wani amininsa da ya rasu. Tana aiki a birni, a ɗakin binciken jini. Ta zo har bukka, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗebi jinin Laraba. Ta je wurin matar magidancin nan da ya rasu ta roƙi izini a ba ta ragowar jininsa da aka ajiye inda ya yi jinya. Sannan ta ce wa Nomau, "Baba, da saura. Sai na ga abin da biran dutse ke ɗauke da shi, dangin Laraba na jeji. In babu nasu, ba ni da abin da zan gwada nata da shi. Ba sai an kashe ko ɗaya ba, kashinsu ma ya isa, in dai ɗanye ne."

Na biyu Jatau ne, tsohon mafarauci, wanda ya san dutsen nan kogo-kogo. Biran sun tsorata da mutane, ba mai iya kusantarsu. Jatau ya rataye bindigarsa, ya ɗauki 'yan kwalabe. Kwana arba'in yana bin garken, yana lura da bishiyar da suka sauka, yana jira su tashi ya tsince abin da suka bari. Ya faɗi a kan dutse ya karya yatsa biyu, bai fasa ba. In ya ratso gari sai majalisa ta ɗauka, "Sannu da zuwa, Sarkin Kashin Biri! Yau mudu nawa aka samu?" Mutumin da a da ake yi wa kirari, yanzu sai dai ya wuce da kwalabensa. Kwalba talatin da biyu ya aika birni.

Hansatu ta duƙufa. Karon farko aikin ya lalace, ta sake daga tushe. An fara yankan dawa tana kai. Sai ana saura kwana uku kasuwa ta iso, idanunta sun faɗa, ta tsaya gaban mai gari da dattawa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ƙwayoyin cuta suna da dangi kamar yadda muke da dangi. Kowace tana ɗauke da wani dogon rubutu a cikinta, shi ke nuna asalinta. Na jera uku na karanta: ta Laraba, ta biran dutse, da ta marigayi. Ta Laraba da ta biran dutse 'yan ɗaki ɗaya ne. Ta marigayi kuwa irin ta mutane ce. Kakansu na can nesa ɗaya ne, shi ya sa gwajin farko ya ga kama, amma sun raba hanya tun ba a kafa garin nan ba. Ba daga Laraba ya ɗauka ba."

Wata tsohuwa ta ce, "To, 'yar nan, in tana da ciwo, me ya hana ta ramewa?"

Hansatu ta ce, "Iya, irinsu sun daɗe tare da ita, ba ta kayar da su. Amma fa ban ce kowa ya miƙa mata yatsa ta ciza ba."

Mai gari ya gamsu, ya janye hukunci. Sai dai gari bai gamsu ba. Aka ce takarda ce kawai, kuma 'yar aminin Nomau ce ta rubuta. Ran kasuwa aka ga waɗansu sun taru da sanduna, suna shirin zuwa gona.

Na uku Cindo ne, wanzamin da rabin garin ke aski a wurinsa. Shi ma a da yana cikin masu tsoro, amma ya saurari Hansatu, ya yarda. Da sassafe ya riga masu sanduna zuwa bukka, ya kamo hannun Nomau, ya ratsa da shi tsakiyar kasuwa, Laraba na biye. Ya shimfiɗa buzu ya ce, "Nomau, wannan kai ne ko sheƙar hankaka? Zauna."

Nomau ya ce, "Cindo, za ka rasa mutanenka."

Cindo ya ce, "Rabinsu masu sanƙo ne, dama wahalar da ni suke. Zauna, na ce."

Ya jiƙa sumar, ya aske ta tas. Laraba ta hau cinyar Cindo tana kallon farin gashi yana zuba, bai ture ta ba. Da ya gama ya wanke askar a tafasasshen ruwa kamar kullum, ya ɗauki madubi ya gyara nasa gemun da ita. Masu sanduna suka tsaya suna kallo. Can sai ɗayansu ya jingina tasa a rumfa, saura suka bi. Mutane da yawa sun daina aski wurin Cindo har shekara ta zagayo, amma Laraba ta rayu.

Nomau ya dawo gari, ya ƙara shekara biyu. Ana gaishe shi, yana amsawa, amma bai sake ɗaukar ganga ba. Da ciwon ajali ya zo, ya ce wa mai gari, "Laraba ta tsufa, ba za ta iya jeji ba. A ba da ita ga wanda ya ceci ranta." Aka ce wanne daga ciki? Ya buɗe baki, Allah bai ba shi ikon faɗa ba.

Bayan an yi bakwai, su ukun suka zo, kowa na so. Hansatu ta ce ba don ta karanta asalin ƙwayar ba, da hukuncin na nan. Jatau ya ce ba don kwalabensa ba, da ba ta sami abin karantawa ba. Cindo ya ce ba don askarsa ba, da sanduna sun riga takarda isa gona. Laraba kuwa tana zaune ƙofar ɗakin da ba kowa, ta ƙi cin abinci, tana tsefe tsohuwar hular Nomau da yatsunta. In aka daɗe ana gardama, yunwa za ta yanke hukuncin.

To, jama'a, ga igiyar Laraba a hannunku. Hansatu, ko Jatau, ko Cindo: wa za ku miƙa wa?